Nuwazet: wane iri ya fi daraja, kuma me ake dubawa kafin a biya?

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata kan wani ɗan itace da ba a nomansa a ƙasarmu, amma yana ƙara shigowa shagunan Garwa, Marwa da Injamena. A jikin kwali da Faransanci za ka ga an rubuta noisette, Larabawa kuwa bunduƙ suke ce masa. A nan za mu riƙa kiran ƙwayar nuwazet, yadda masu shago ke faɗa. Ɗan dunƙule ne kamar goriba ƙarama ƙwarai, ɓawonsa mai santsi ruwan ƙasa, a ciki da ƙwaya ɗaya mai maiƙo lulluɓe da 'yar fata irin ta gyaɗa.

*Assalamu alaikum. Ina da gidan burodi a Garwa, muna yin kek na biki da biskit. Mai kawo mana kaya daga Duwala ya turo min jerin ɓararriyar nuwazet, kowace da sunanta da kuɗinta: Giresun Tombul 11-13, Levant 13-15, Tonda di Giffoni, da wata wai Barcelona. Ni a idona duk ɗaya suke. Me ya bambanta su, kuma wacce zan ɗauka?* (Wani mai gidan burodi, Garwa)

Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari mu fara da lambobin, don su ne mafi sauƙi. Faɗin ƙwayar ne da milimita. Ana zuba ɓararriyar a rariya mai ramuka zagayayyu, a raba ta gida uku: 9 zuwa 11, 11 zuwa 13, 13 zuwa 15. Ta tsakiyar ita ce ma'aunin kasuwa, ita masu cakulan suka fi nema. Babbar ta fi tsada don kyan gani kawai, ana cin ta a faranti ko a ɗora ta a saman kek. In niƙawa za ka yi ko daddatsawa, biyan kuɗin 13-15 asara ce, ƙaramar ma ta isa.

Sunayen kuwa, biyu na farko daga Turkiyya suke, ƙasar da ke noma kusan kashi biyu cikin uku na nuwazet ɗin duniya, a tsaunukan gaɓar Baƙin Teku: Giresun, Ordu, Trabzon, Samsun, har zuwa Sakarya da Düzce ta yamma. Tombul sunan iri ne, ma'anarsa da Turkanci mai ƙiba, ɓul-ɓul. Ƙarama ce, zagayayya, ɓawonta siriri, ƙwayar ta cika shi dam. In ka fasa kilo 100 na Tombul mai kyau za ka samu kilo 50 na ƙwaya, wani lokaci da ɗoriya. Mai ya yi mata yawa, ya haura kashi 60 cikin ɗari, kuma da an soya ta fatar sai ta saki gaba ɗaya, ƙwayar ta fito fara tas. Turkawa sun raba amfanin gonarsu gida biyu. Tombul ɗin da aka noma a lardin Giresun da wasu garuruwan Trabzon da ke maƙwabtaka da shi, ita ake kira ingancin Giresun, kuma ita ce kan gaba a farashi. Duk sauran, daga Ordu, Samsun, Akçakoca da sauransu, sunansu Levant. To ka ga Levant ba iri ba ne, aji ne. Cikin buhu ɗaya za ka iya tarar da Palaz da Çakıldak da Foşa a gauraye. Ba ta da laifi, cakulan mai nuwazet da yawa da ita ake yi, sai dai maiƙonta bai kai na Giresun ba, kuma da yake gauraye take, wata ƙwayar ta saki fata, wata ta riƙe.

Tonda di Giffoni 'yar Italiya ce, daga yankin Kampaniya kusa da Salerno. Tonda na nufin zagayayya. Ta fi Tombul girma kaɗan, ƙwayarta wajen kashi 46 zuwa 48 na nauyi, tana sakin fata sosai, tana da ƙamshi bayan suya. Tana da 'yar'uwa da ta fi ta suna da tsada, Tonda Gentile ta yankin Piyemonte a arewacin Italiya, mai ɗan kusurwa uku in ka juya ta a tafin hannu. A kanta aka gina sana'ar cakulan mai nuwazet a Turin da Alba, garin kamfanin Ferrero mai yin Nutella. Masu yin kayan zaƙi na alfarma suna biyanta fiye da kowace, don ƙamshinta da kuma yadda take daɗewa bayan suya ba ta canza ba. Akwai ta uku, Tonda Romana ta wajen Viterbo, mai daɗi ita ma, amma fatarta tana da naci.

Barcelona kuwa, duk da sunan, a jihar Oregon ta Amurka da ƙasar Cile ta fi yawa. Babba ce, a cikin ɓawo ta kusan ninka Tombul nauyi, tana ɗaukar ido a tire. Amma ɓawon kauri gare shi, ƙwayar ba ta wuce kashi 42 zuwa 44, jikinta da ɗan zare-zare, fatar kuma ba ta fita duka. Kasuwarta ta masu saya da ɓawo ce, su fasa da kansu a lokacin bukukuwa. Ga mai tanda irinka, ita ce ta ƙarshe a jerin.

Me ya sa ake ta nanata zagayayya? Dalilin na inji ne. Injin fasawa yana matse ɓawo tsakanin duwatsu ko ƙarafa biyu da aka saita tazararsu. Zagayayya ko ta wane gefe ta faɗa faɗinta ɗaya ne, ɓawo ya fashe, ƙwaya ta fita lafiya. Doguwa ko mai tsini, irin Sivri ta Turkiyya ko San Giovanni da Mortarella na Italiya, in ta faɗa a karkace sai injin ya gutsure ta ko ya raba ta biyu, kuma inda ya ji mata ciwo nan mai ke fara lalacewa. Haka a tanda, zagayayyu masu girma ɗaya suna nuna tare. Shi ya sa dogayen irin suke ƙarewa a niƙa da datsa, farashinsu kuma ƙasa.

Shawararmu gare ka: don biskit da cikin kek, ɗauki Levant 11-13, ko ma dattsattsiya in sabuwa ce. Don adon saman kek ɗin amarya, inda ake son ƙwaya fara guda-guda, kilo ɗaya ko biyu na Giresun ko Giffoni sun ishe ka. Kafin duka wannan, ka tambaye shi shekarar girbi. Tsohuwar Giresun ba ta kai sabuwar Levant ba.

*Mijina ya zo min da tsaraba daga Yawunde a jirgin ƙasa, ya ce nuwazet ce. Ɓawonta kamar dutse, sai da guduma muka fasa. Ita ce ta cikin cakulan?* (Wata uwargida, Ngaundere)

Ba ita ba ce, Hajiya, suna ne ya zo ɗaya. Wadda maigida ya kawo 'ya'yan wani babban itace ne na kurmin kudu, masana tsirrai na kiransa Coula edulis, ana samunsa daga kudancin Kamaru da Gabon har zuwa Laberiya. Faransawa ne suka laƙaba masa sunan nasu don kamannin ɗanɗano. Ta kudu ta fi girma, ɓawonta kauri ne mai kaushi, ƙwayar fara mai ɗan ruwa-ruwa in tana sabuwa, ana cin ta ɗanya ko a dafa ko a gasa. Ta Turai ɓawonta santsi da sheƙi, da ɗan fari a gindi inda take manne da kwasfa, kuma ɗan bugu kaɗan ke fasa ta. Ki ci tsarabarki da daɗi, amma kada ki ajiye ta a leda a ɗaure, don da danshinta take zuwa, fumfuna za ta kama ta.

*Ina sayar da dabino, zabibi da yazawa a Kusiri, ina kuma tsallakawa Injamena. An yi min tayin buhunan nuwazet mai ɓawo, manya-manya, kuma kuɗin ya yi ƙasa da na ɓararriya nesa ba kusa ba. Riba ce ko tarko?* (Wani ɗan kasuwa, Kusiri)

Malam, lissafi ne zai raba gardama, kuma lissafin da ka saba da shi ne a gyaɗa mai ɓawo. A Turkiyya ba a yanka wa manomi farashi sai an auna abin da suke kira randıman, wato yawan lafiyayyar ƙwaya a cikin nauyin duka. Ana kafa farashi a kan kashi 50. Wanda kayansa suka haura a ƙara masa, wanda suka gaza a rage. Kai ma haka za ka yi. A ce an sallama maka kilo mai ɓawo a kan sefa 5,000. In ƙwaya rabi ce, kilon ƙwaya ya tsaya maka 10,000. In kashi 43 ce, ya haura 11,600, ban da kuɗin fasawa da abin da zai karye, ga kuma kuɗin mota da ka biya wa ɓawo tun daga tashar jirgin ruwa. Manyan da suka burge ka, irin Barcelona da Ennis, su ne masu ƙarancin ƙwaya. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga yadda za ka gwada kafin ka ba da ko dala. Ɗebi hannu guda daga bakin buhu, da tsakiya, da gindi, a buhu uku aƙalla. Gauraya, ka auna giram 500 a sikeli mai kyau. Fasa su duka, ka ware gida-gida: lafiyayyu, holoƙo marasa komai a ciki, motsattsu, masu fumfuna ko baƙi, masu ƙaramin rami zagayayye inda tsutsa ta fita. Auna lafiyayyun kaɗai. Giram 250 kashi 50 ke nan, giram 215 kashi 43. Daga nan ɗauki ashirin daga cikin lafiyayyun ka raba su biyu da wuƙa. Cikin sabuwa fari ne mai ruwan madara. In ka ga ya koma rawaya, ya yi sheƙi kamar an jiƙa shi da mai, tsohuwa ce. In ka ga ɗigon fari ko ruwan ƙasa mai taushi kamar soso, wani ƙwaro mai wari ne ya soke ta tun tana ɗanya a bishiya. Wannan ƙwaron ya yi wa manoman ƙasar Jojiya mummunar ɓarna a 2016 da 2017, yana kuma addabar Italiya da Turkiyya. Daga waje ba a ganin aikinsa, amma ƙwaya ɗaya mai ɗaci tana ɓata baki, mai saye kuma ba zai dawo ba. A ƙarshe ka tauna biyar. Sabuwa tana karyewa ƙaras da ɗan zaƙi. In ta bar maka maƙaƙi a maƙogwaro da warin tsohon man gyaɗa, bar musu kayansu ko a nawa ne.

Mai ɓawo tana da amfani ɗaya babba a wurinmu, dole mu faɗa. Ɓawon sulke ne, yana tare iska da haske, don haka ta fi ɓararriya jure zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Kusiri. In masu sayenka za su yarda su fasa da kansu, ita ta fi maka aminci. In ɓararriya suke so, nemi wadda ke cikin leda mai kauri da aka zuƙe wa iska, ledar ta ɗame jikin ƙwayoyin kamar dutse. Ledar da ta saki, iska ta shiga. Danshin ɓararriya bai kamata ya wuce kashi 6 cikin ɗari ba. Kada ka tula ta a tire a rana kamar dabino. Ƙulla kaɗan-kaɗan, giram 100 ko 200, sauran a bar shi a wuri mafi sanyi a shago, a kan katako, nesa da bango da kwanon rufi. Da damina kuma abokin gaba danshi ne: fumfunar da ke haifar da gubar aflatoksin a gyaɗa ita ce dai ke kama nuwazet. Duk wadda ta yi fumfuna a zubar, suya ba ta kashe gubar.

*Ina da gona a bayan Ngaundere, wurin akwai sanyi da ruwan sama. Tunda abin yana da tsada haka, wane iri zan shuka?* (Wani manomi, Adamawa)

Baba, gaskiya ɗaya ce: kada ka sa kuɗinka. Matsalar ba ta iri ba ce, ta sanyi ce. Bishiyar nuwazet tana zubar da ganye ta yi barci da hunturun Turai, kuma ba ta farkawa daidai sai ta tara sa'o'i ɗaruruwa a sanyin da bai haura digiri 7 ba, wasu irin ma fiye da sa'o'i 1,000. Tudun Adamawa, duk da tsayinsa ya kai mita 1,100, sanyin asubahinsa na Disamba da Janairu na 'yan sa'o'i ne, hantsi na yi ya watse. Bishiyar za ta iya rayuwa, ta yi ganye jefi-jefi, amma fure ba zai fito a kan kari ba.

Ko da sanyin ya samu, akwai sauran aiki. A tsakiyar hunturu take fure, iska ce ke ɗaukar garin furen namiji zuwa na mace, kuma iri ɗaya ba ya yi wa kansa barbara. Dole a dasa wani irin da ya dace da shi a tsakani, wajen bishiya ɗaya cikin goma, wanda furensa ke buɗewa lokaci guda. Ba a shuka ƙwayar a samu irin uwar, sai dai a dasa tohon gindi ko reshen da aka binne ya yi saiwa. Sai shekara huɗu zuwa biyar ta fara bayarwa, cikakken amfani kuwa sai wajen shekara goma. Shi ya sa nomanta ya fi ƙarfi a ƙasashe irin su Turkiyya, Italiya, Azarbaijan, Jojiya, Sifen, Amurka da kudancin Cile. In itacen kuɗi kake nema wanda ya san ranarmu da dogon raninmu, yazawa ce, wadda ake ta dasawa a yankin Binuwai. A can ma ma'aunin ɗaya ne, mai saye yawan lafiyayyar ƙwaya yake aunawa.

*Na soya nuwazet a kasko da yashi kamar gyaɗa, na murje, rabin fatar ta ƙi fita, wasu sun ƙone, abin da na niƙa kuma ya yi ɗaci. Ina kuskuren?* (Wata mai yin kek da cincin, Marwa)

'Yar'uwa, abu uku ne suka haɗu. Na farko wuta. Nuwazet ta fi gyaɗa kauri kuma ta fi ta mai, don haka a kasko mai zafi bayanta ke ƙonewa cikinta na ɗanye. Tanda ta fi: shimfiɗa su layi ɗaya a faranti, digiri 150, minti 12 zuwa 15, ki juya sau ɗaya a tsakiya. Alamar nuna ita ce fatar ta tsattsage, ƙamshi ya tashi, in kin raba ɗaya cikinta ya yi ruwan zuma mai haske. In yashin ne dole, rage wutar sosai, ki yi ta juyawa ba tsayawa, kuma kada ki haɗa manya da ƙanana a zubi ɗaya. Da kin sauke, juye su cikin tsumma mai tsabta, ki naɗe minti biyar, sannan ki murza da ɗuminsu, ki sheƙe a faifai. In sun huce fatar ta sake kamawa.

Na biyu iri. Tombul, Giffoni, Tonda Gentile da Negret ta Sifen suna saki kusan duka. Barcelona, Ennis da Tonda Romana ko kin kwana kina murza sai wata ta rage, kuma ƙara wuta ba ya cire ta, ƙona ƙwayar kawai yake yi. Fatar ce ke da bauri, don haka ki tsince masu naci ki daddatsa su a biskit, fararen ki niƙa. Na uku kuwa tsufa, wanda suya ba ta gyarawa, sai ma ta fito da shi. Ki ɗanɗana ɗanya tukuna kafin ki kunna wuta.

Don na shafawa a burodi: soyayyar nuwazet giram 200, sukari niƙaƙƙe giram 100, garin koko giram 30, man gyaɗa mara wari cokali biyu, gishiri ɗan kaɗan. Fara niƙa ƙwayar ita kaɗai, kina tsayar da inji yana hucewa, har ta tashi daga gari ta koma kamar tunkuza, ta saki mai ta yi ruwa. Sai ki zuba sauran. Kada ɗigon ruwa ya shiga, zai daskare ya cure kuma ba zai daɗe ba. Naki ya haura rabi nuwazet, alhali na kwalbar Nutella kashi 13 ne cikin ɗari kamar yadda suka rubuta a jiki. In kin gauraya da gyaɗa don rage tsada ba laifi, amma ki gaya wa masu saye. Akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ɗayan biyun, har ya kai ga kumburin baki da sarƙewar numfashi, musamman yara. Abin da ya rage na ƙwaya ki sa a firji cikin kwalba mai murfi, in kin fito da ita ki bari ta huce sanyin kafin ki buɗe, don kada raɓa ta sauka a kai.

*Me ya sa kuɗinta ke tashi farat ɗaya, ko 'yan kasuwa ne ke ɓoyewa?* (Wani mai kanti, Injamena)

Yawanci daga gona abin yake farawa, Alhaji. Da yake ƙasa ɗaya ce ke riƙe da mafi yawan kayan, daren sanyi ɗaya a gaɓar Baƙin Teku yana girgiza duniya. A ƙarshen Maris na 2014 sanyi mai daskarar da ruwa ya ƙone toho a gonakin tudu na Ordu da Giresun, amfanin shekarar ya faɗi warwas, farashi ya yi tashin gwauron zabo. An sake ganin irin haka bayan sanyin Afrilun 2025. Ga shi kuma kamfanin Ferrero shi kaɗai yana saye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin duniya, hukumar hatsi ta gwamnatin Turkiyya, TMO, ita ma tana sanar da farashin da za ta saya gab da girbi, kasuwa ta bi bayansu. Girbin Turkiyya da Italiya a Agusta da Satumba ne, sabon kaya yana hawa jirgi daga nan zuwa ƙarshen shekara, kafin ya sauka Duwala ya hau mota zuwa Injamena an shiga Disamba ko Janairu. Na Cile kuwa a Maris da Afrilu ake girbe shi. In aka yi maka tayin kayan Turkiyya da araha a watan Yuli ko Agusta, ragowar bara ce ake son kwashewa kafin sabuwa ta fito, sai ka nemi a buɗe maka leda ɗaya ka raba ƙwaya ashirin ka duba cikinsu.